Gyaran Kulocin da Ba a Sa Ni Ba

Shekarun baya can, lokacin da mutum yake iya tashi daga Kaura da hantsi ya je Shinkafi ya dawo ba tare da 'yan gidansu sun yi ta kiran wayarsa ba, na yi wa abokina wani gyara a motarsa wanda har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse. Maganar ta daɗe da wucewa. Shi kansa yanzu dariya yake yi in an tayar da ita, ni ne dai har yanzu dariyar ba ta zo mini ba.

Abokin nan nawa tare muka tashi, unguwa ɗaya, kuma a zauren mahaifinsa muka yi karatun allo. Mahaifin nasa babban malami ne, kowa Malam yake ce masa, mu ma haka. Abokina ya yi ciwon shan inna yana ƙarami, ƙafarsa ta hagu ta fi ta dama gajarta da siranta, in yana tafiya sai ya ɗan dafa gwiwa. A tarbiyyar da aka yi mana, ba a maganar irin wannan, ko kallon ƙafar ma ba ka yi. Shekara ashirin da wani abu muna tare ban taɓa tambayarsa abin da ƙafar ke iyawa da abin da ba ta iyawa ba, a ganina kara nake yi masa. Na yi ta kawar da kai har na manta da ita gaba ɗaya.

Da ya sami aiki ya ɗan tara abin da ya tara, sai ya sa aka kawo masa mota daga Kwatano. Kowa ya ce ya sayi wadda ke canza giya da kanta, saboda lalurarsa, ko da yake ba wanda ya ambaci lalurar a fili. Shi kuwa ya kafe. Ƙaramar motar tsere ya saya, ja, mai ƙofa biyu, mai giyar hannu, ga ta dab da ƙasa har in an zo kan tudun rage gudu sai an bi da ita a karkace. Malam bai so ba ko kaɗan. Abin da yake faɗa shi ne motar da ba ta ɗaukar iyali ba mota ba ce, amma duk mun san tsoro yake ji, ba ya ganin ɗansa zai iya da ita. Abokina ya shekara yana tuƙa ta lafiya lau, zuwa ofis, zuwa Gusau, zuwa Kasuwar Daji, amma Malam bai taɓa sa ƙafarsa a ciki ba.

Ni kuma a lokacin ina koyar da darasin fasaha a wata sakandare. Ina zana inji a allo da alli mai launi, yara suna kwafa, har na fara jin kaina injiniya. Gaskiyar magana kuwa ko fankar ɗakina in ta tsaya sai na kira mai gyara.

Wata Asabar na je aron motar. Yayata ta haihu a Shinkafi, zan je barka. Motocin haya cike suke da tasha, so nake kawai a gan ni a cikin jar motar nan. Abokina bai yi ko gardama ba, ya miƙo mini makulli yana ta murmushi, da gani akwai labari a bakinsa.

Ya ce, “Ka dai maido ta kahin magariba. Gobe da sahe za ni kai Malam Zurmi gaisuwar mutuwa.”

Na ce, “Malam? A wagga motar?”

Ya ce, “Wallahi da bakinai yac ce in kai shi. Ban roƙe shi ba.”

Rabon da in ga fuskarsa haka tun ranar ɗaurin aurensa.

Ga wanda bai taɓa tuƙa mota mai giyar hannu ba, kuloci shi ne fedar da ake takawa da ƙafar hagu. Sai ka taka shi giya take shiga, in kana sakinsa a hankali kuma akwai inda mota ke kamawa ta fara tafiya. A yawancin motoci wajen tsakiya ne. Wannan kuwa can sama take kamawa. Da ka ɗan taɓa fedar sai giya ta shiga, in za ka tashi kuma sai ka yi ta saki, ka yi ta saki, har ka ɗauka ba za ta motsa ba, sannan ta fizge ka. Tun kafin in fita daga gari ta mutu mini sau biyu. Kusa da Katuru shanu suka tare hanya, na tsaya, da na zo tashi ta yi tsalle ta sake mutuwa. Wani dattijo da ke kora su ya jingina da sandarsa yana kallona, ya ce, “Sannu dai, mai ja. A bi ta a hankali.” Na ji haushi ƙwarai, kuma maimakon in zargi kaina sai na yanke hukunci cewa kulocin ne ba a saita daidai ba.

Mahaifiyata ta hore mu da wata ɗabi'a tun muna yara. In ka ari abu, ka mayar da shi ya fi yadda ka karɓo shi. In ta ari tukunya sai ta goge ta tas har gindinta, wani lokaci ta sa ɗan abu a ciki. Kuma ba a faɗa, don wanda ya yi alheri ya faɗa ya zubar da ladansa. Da wannan karatun na isa Shinkafi. Ina gama yi wa yayata barka, na ɗauki jariri na mayar, sai na fito gindin darbejiyar ƙofar gidansu na buɗe waya. Na sami wani bidiyo da wani Bature ke nuna yadda ake saita kuloci. A sama da fedar, can ƙarƙashin sitiyari, akwai wani siririn ƙarfe da noti ke ɗaure da shi. Ka sassauta notin, ka murɗa ƙarfen, inda mota ke kamawa sai ya sauka ko ya hau. Na ce ashe abin ma bai taka kara ya karya ba.

Na aro sifana biyu wajen wani mai gyaran babur a maƙwabta, na kwanta rigingine, kaina a ƙarƙashin sitiyari, ƙafafuna a waje, shaddata tana sharar ƙasa. Yayata ta leƙo daga zaure ta ce, “Kai da ko hitila ba ka iya gyarawa, mi kaka nema cikin motar mutane?” Na ce ta bar wa masu ilimi aikinsu. Na murɗa, na tashi na gwada, na koma na ƙara murɗawa, har sai da motar ta koma kamawa can ƙasa, sai ka taka fedar har ta kusa taɓa daɓe kafin giya ta shiga. Ni dogo ne, ƙafafuna kamar na zalɓe, sai na ji ta zauna mini daidai. Ban ƙirga sau nawa na murɗa ba, don ban ga dalili ba.

Na dawo Kaura ina jin daɗin kaina. Na kai ta aka wanke, na cika mata mai, na ajiye ta da kaina a ƙofar gidansu kafin magariba. Abokina ya ce, “Yaya tay yi maka?” Na ce lafiya lau, ina ta murmushi a raina, ina hango yadda zai ji ta gobe ya yi mamaki.

Washegari da safe na je, don ni ma ina cikin masu tafiya. An tanadi bas ga sauran dattawa, kawunnan abokina da maƙwabta, duk suna tsaye a ƙofar gida. Abokina ya sha farar shadda, ya goge motar da kansa ko da yake a wanke take. Malam ya fito, ya tsaya ya ɗan dubi motar, sannan ya tattara babbar rigarsa ya sunkuya ya shiga da ƙyar. Mutane suka yi ta raha, wani ya ce yau Malam ya zama ɗan zamani. Malam ma sai da ya murmusa.

Abokina ya tayar da mota. Ya taka kuloci yadda ya saba, ya tura giya, sai muka ji ƙarrr, ƙarar ƙarfe na cin ƙarfe. Ya mayar, ya sake takawa, ƙarrr. Rahar ta tsaya. Ina tsaye dab da tagarsa, ina gani ya zame a kujera, ya karkata kafaɗa, yana miƙa ƙafar nan ta hagu iya ƙarfinsa, yatsunsa na neman kai fedar ƙasa, ba su kai ba. A daidai wannan lokacin na gane abin da na yi. Ba wanda ya gaya mini, kuma ba daga baya na gane ba. A nan take na san cewa da gangan aka ɗaga kulocin can sama, saboda iya inda ƙafarsa ke kaiwa ke nan.

Ya danna giyar da ƙarfin tsiya ta shiga, motar ta yi tsalle gaba ta mutu. Kan Malam ya bugi rufin motar, rawaninsa ya karkace. Wani kawun abokina, wanda dama bakinsa ba ya shiru, ya ce da ƙarfi, “Ai dama na hwaɗi. Ƙahwag ga ba ta mota ba ta, ƙarhin hali na kawai. Yau da a kan hanya muke hwa?”

Shekara da shekaru ba a taɓa ambaton ƙafar a gabansa ba, sai ranar, a gaban kowa.

Malam ya gyara rawaninsa a hankali. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Hito. Ba abokinka makullin.”

Abokina ya fito, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ya miƙo mini makulli ba tare da ya dube ni ba, ni kuma na miƙa hannu na karɓa. Kalma huɗu ko biyar ce kawai ta rage in faɗa, cewa ni na taɓa kulocin jiya. Na dubi dattawan nan, na tuna yadda suke ce mini malamin fasaha, na ji ba zan iya zama abin dariya a gabansu ba. Ina kallo ya zagaya ta bayan motarsa yana dafa gwiwa, ya hau bas ya zauna can baya.

Na shiga, na taka, giya ta shiga sumul, tunda da ƙafata na auna ta. Kawun nan ya ce, “To kun gani? Motar lahiyarta lau.”

Tafiyar Zurmi ita ce mafi tsawo da na taɓa yi. Malam ba mai yawan magana ba ne, amma ranar ya yi. Ya ce tun yaron yana rarrafe yake tsoron ranar da ƙafar za ta ci amanarsa a gaban mutane. Ya ce shekara guda yana kallonsa ta zaure yana fita da motar yana dawowa, har zuciyarsa ta fara kwanciya, ya ce bari ya shiga ko sau ɗaya ne don yaron ya ji daɗi. Ya ce ashe ciwon ƙaruwa yake yi, yaron yana ɓoyewa. Duk abin da ya faɗa, ni dai sai in ce, “Haka ne, Malam.”

Da muka dawo abokina ya sa aka lulluɓe motar da tampol, ya koma hawan kabu-kabu zuwa ofis. Ni kuma na shiga ƙulle-ƙulle. Na ce zan lallaɓa in mayar da ƙarfen yadda yake ba tare da kowa ya sani ba, amma ban san sau nawa na murɗa ba, kuma makullin na wajensa. Na ce zan gaya masa gobe. Goben ta zama jibi. Na fara rage zuwa gidansu, in mun haɗu a masallaci in gaisa da shi a tsaitsaye in ce ina da aikin makaranta.

Rannan ya tare ni bayan la'asar ya ce zai je Gusau ganin likita. Wannan ne karo na farko a rayuwarmu da ya yi mini maganar ƙafarsa da bakinsa. Ya ce, “Ina jin ƙarhinta na ƙarewa. Na koma na gwada motar ni kaɗai, sau biyu, ban kai ba. In haka tac ci gaba, ban san ko tahiyar ma zan riƙa iyawa ba.” Ya ce matarsa kullum sai ta dafa ruwa ta gasa masa, ta shafa man zafi, ta ɓoye ta yi kuka. Na tsaya ina jinsa, na ce Allah ya sawwaƙe. Wallahi abin da na ce ke nan.

Mako uku aka yi a haka. Daga nan ya ce zai rabu da motar, ya roƙe ni in tuƙa ta mu kai wa bakanikensa ya duba ta kafin mai saye ya zo. Bakaniken wani dattijo ne da ke da gareji a bakin hanyar tasha, mai ƙarancin magana. Ya shiga motar don ya matsar da ita inuwa, ya taka kuloci sau ɗaya, sai ya tsaya. Ya sake takawa. Ya fito ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin sitiyari, ya daɗe, sannan ya ɗago.

Ya ce, “Wa yat taɓa kulocin ga?”

Abokina ya ce ba wanda ya taɓa.

Dattijon ya ce, “An taɓa shi. Ga sawun sifana nan sabo a kan notin, wanda yay yi ma bai iya riƙon sifana ba, duk ya cinye mai baki. Kwana ukku muna saita shi da kai, kana zaune ina murɗawa kaɗan-kaɗan, hat ta zo daidai ƙahwarka. Yanzu an kai shi ƙasa. Ko ni sai na miƙe sannan nika kaiwa.”

Na ce, “Ni ne, Baba.” Na faɗi komai, Shinkafi, bidiyo, sifanar aro.

Na shirya wa zagi, har mari na shirya wa. Abokina sai ya nemi benci ya zauna, ya kama gwiwarsa da hannu biyu, ya ce, “Alhamdu lillahi. Ashe ba ƙahwata ba ta. Alhamdu lillahi.” Yana dariya, hawaye na zubo masa. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Can ya share fuska ya dube ni. Ya ce, “Yaushe kag gane gyaran naka na yaj jawo?”

Nan ma ƙarya ta zo mini har baki, in ce yanzu da Baba ya faɗa. Allah ya taimake ni ban yi ba. Na ce, “Tun ranar Zurmi. Tun kana cikin motar.”

Bakaniken ya ba mu wuri ya koma cikin rumfarsa. Sannan abokina ya ce, “Gyaran bai yi min zahi ba, na san alheri kaka nuhi. Amma ka sani, kuma ka amshi makullin.” Ya ce, “Ba ni za ka ba haƙuri ba tukuna. Ka tahi ka gaya ma Malam, kuma ka bari sai kawu na nan.”

Na je bayan la'asar, lokacin da dattawa ke zama a zaure. Na cire takalmi, na durƙusa, na ce, “Allah gafarta Malam, na zo da magana.” Na faɗa tun daga farko. Kawun nan ya fara salati yana tafa hannu, Malam ya ɗaga masa hannu ya yi shiru. Malam ya dube ni, irin kallon da yake yi mana muna yara in mun ɓata allo, ya ce, “Tun daga nan har Zurmi ina hwaɗa maka abin da ban taɓa hwaɗa ma kowa ba, kana ce min haka ne.”

Iyakar abin da ya ce mini ke nan. Ya sa aka kira ɗansa. Abokina ya shigo ya durƙusa a gefena. Malam, mutumin da ya haura saba'in, wanda don kunya ko sunan ɗan nan nasa na fari ba ya kira, ya ce masa a gaban kowa, “Ni nih hidda ka daga motarka gaban mutane, ban tsaya na tambaye ka ba. Ka yahe min.” Abokina ya kifa kai yana cewa, “Haba Malam, haba Malam.” Ni kuwa ina durƙushe, na san ni na jawo tsohon nan ya nemi gafarar ɗansa.

Bakaniken ya mayar da kulocin cikin yini biyu, abokina na zaune yana gwadawa. Ba a sayar da motar ba. Malam ya shiga ta daga baya, sau da yawa ma, har Allah ya yi masa rasuwa ɗansa ne ke kai shi duk inda za shi.

Na daɗe ina juya abin a raina. Da farko na riƙa ɗora laifin a kan karambani, in ce ai darasin shi ne kada ka taɓa abin da ba ka sani ba. Wannan gaskiya ne, amma shi ne mai sauƙin. Abin da ya fi damuna shi ne yadda na zauna da mutum shekara ashirin ina kiran kaina amininsa, ban san iya inda ƙafarsa ke kaiwa ba, ina kiran hakan kara. Da na taɓa tambayarsa ko sau ɗaya, da na ji kulocin can sama na san dalili. Sai kuma mako ukun nan. Kuskuren Shinkafi na rabin sa'a ne, kowa na iya yin irinsa. Shirun kuwa kullum da safe sai na tashi na sake zaɓarsa, ina sane da cewa abokina yana can yana tunanin zai daina tafiya.

Muna tare har yanzu, 'ya'yanmu ma abokai ne. Ya yafe mini tun a shekarar, ya faɗa ya maimaita. Amma matarsa, wadda ta yi mako uku tana gasa lafiyayyar ƙafa tana kuka, ba ta taɓa ce mini komai a kan maganar ba. In na je gidan takan gaishe ni da fara'a, ta kawo mini ruwa da abinci, ni kuwa har yau ban iya ɗaga kai in dube ta ba.